Akwatin Da Ba Shi Da Makulli

A ƙasar Ingila akwai wani wasa wanda iyaye da 'ya'yansu suke yi tare a jeji. Mutum yakan ɗauki ɗan akwati, ya sa littafi da hatimi a ciki, ya kai shi bayan gari ya ɓoye a ƙarƙashin dutse. Sa'an nan ya rubuta kwatancen wurin ya ba waɗansu. Wanda ya bi kwatancen har ya sami akwatin ba zai ɗauke shi ba. Zai buga hatimin akwatin a cikin nasa littafi, ya buga nasa hatimi a littafin akwatin, ya rufe, ya mayar daidai inda ya same shi, domin na baya shi ma ya zo ya samu. Turawa suna ce da wasan letaboksin. Mu kuwa za mu kira shi wasan akwatin wasiƙa.

Ba a cin kuɗi a wannan wasa, ba a kuma raba kyauta. Akwatin ba shi da makulli, ba shi da mai gadi. Duk da haka wasan ya yi shekara fiye da 170 bai mutu ba, gama ko wane mai nema yana riƙe amanar wanda zai zo bayansa. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa iyalanmu labarinsa, mu kuma nuna yadda gida ɗaya ko biyu za su iya farawa a ƙauye kamar Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, ko a kowane gari da ke da fili a bayansa.

Inda Abin Ya Fara

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Devon, akwai wani jeji mai suna Dartmoor. Girmansa murabba'in mil 368 ne. Tudu ne mai faɗi, itatuwa kaɗan ne a kansa, sai ciyawa da tarin duwatsu a bisa tuddai. Ruwan sama yana da yawa ƙwarai a can, har ƙasar waɗansu wurare ta zama kamar jiƙaƙƙen soso, in mutum ya taka sai ya zurma har gwiwa. Hazo mai laima yakan sauka farat ɗaya ya rufe hanya. Manoman kewaye suna sakin tumakinsu da shanunsu da ƙananan dawaki irin kuru su yi kiwo a ciki. A shekara ta 1951 gwamnati ta keɓe shi ya zama gandun ƙasa.

Akwai wani mutumin garin Chagford mai suna James Perrott, wanda sana'arsa ita ce yi wa baƙi jagora cikin wannan jeji. A shekara ta 1854 ya kai kwalba wani wuri mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, a tsakiyar laka ta wajen arewa. Ya tara duwatsu ya ajiye ta a ciki. Duk baƙon da ya sha wahala har ya kai wurin sai ya sa ɗan kati mai sunansa a kwalbar, shaidar cewa ya zo.

Daga baya aka sa gwangwani a maimakon kwalba. Mutane kuma suka soma barin wasiƙa mai adireshin gidansu ko na ɗan'uwansu. Wanda ya zo bayansu, ko da bai san su ba, shi ne zai ɗauki wasiƙar ya kai gidan waya. Daga nan sunan wasan ya fito. Mai karatu, ka lura da wannan: tun daga fari abin ya tsaya ne a kan yi wa wanda ba ka taɓa gani ba alheri.

A shekara ta 1905 aka ajiye littafi a wurin domin baƙi su sa hannu. A cikin wata 9 na fari mutum 609 suka rubuta sunansu, a shekara ta 1908 kuwa aka sami 1,741. Bayan littafi sai hatimin roba ya biyo. A 1937 aka gina wa akwatin ɗan ɗaki na dutse. A 1938 aka kafa wani akwati a Duck's Pool, wajen kudu, domin tunawa da William Crossing, wanda ya wallafa littafin jagorar jejin a 1909.

Wasan bai yi saurin yaɗuwa ba. A 1976 aka buga taswira mai nuna akwati 15. Bayan wannan ne mutane suka ɗauke shi da zafi, har akwatuna suka kai dubbai. Aka kafa ƙungiya wadda ba a shigarta sai mutum ya nuna hatimi 100 da ya samo da ƙafarsa. Aka kuma riƙa taruwa sau biyu a shekara, a watan Maris da watan Oktoba, ana musayar kwatance. A watan Afrilu na 1998 wata mujallar Amurka mai suna Smithsonian ta buga labarin wasan, sai mutanen can su ma suka kama. A shekara ta 2000 kuma aka soma wani mai kama da shi a jihar Oregon ta Amurka, wanda ake neman ajiya da na'ura mai karɓar sako daga tauraron ɗan Adam. Amma irin na Dartmoor ba ya bukatar na'ura, sai ido da ƙafa da hankali.

Abin Da Zai Amfane Mu

Ƙasar Gwandu da Kalgo ba ta da sanyi da laka irin na Dartmoor, amma tana da abin da wasan ke bukata. Akwai tuddai masu jan dutsen marmara, akwai kwaruruwa, akwai fadamar gulbi, akwai manyan itatuwa da kowa ya sani. Mutanen wurin kuwa manoma ne da makiyaya, waɗanda tun kakanni suke karanta ƙasa kamar littafi. Makiyayi yana gane hanya da kuka guda ɗaya. Maharbi yana duban sawu ya gaya maka abin da ya wuce da lokacin da ya wuce.

Wannan sani yana raguwa. Yaro yana tafiya makaranta, ya dawo ya kama waya, ya girma bai iya bambanta marke da kanya ba. In aka ce masa ya nuna arewa sai ya yi ta juye-juye. Tsofaffin da suka san sunan ko wane kwari da dalilin sunan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tambaye su. Gidan da ya ɗauki wasan akwatin wasiƙa dole yaransa su koyi sunayen itatuwa, su san gabas da yamma, su iya ƙidayar taki, su karanta rubutu a hankali su bi abin da ya ce. Uba kuma zai sami sa'a biyu yana tafiya da 'ya'yansa ba domin aiki ba, abin da ya yi wuya a gidaje da yawa.

Ku Fara Da Neman Izini

Ga wata magana da ta fi kome muhimmanci a wurinmu. Mu duka mun san abin da mutum zai zata idan ya hangi wani yana tusa abu a gindin itace kusa da gonarsa, yana waige-waige. Zai ce sammu ake yi masa. Maganar za ta kewaye gari kafin faɗuwar rana, zumuncin shekaru kuwa yana iya lalacewa a kan robar da ba ta kai kuɗin sabulu ba. Ban da haka, a wannan zamani na rashin tsaro, akwatin da ba a san mai shi ba ana iya ɗaukarsa abin fashewa ne. Ko a Dartmoor, inda sojoji suke koyon harbi a yankin arewa, an gargaɗi masu wasa su daina amfani da tsofaffin gwangwanayen harsashi, domin kada a ruɗa su da kayan soja masu haɗari.

Saboda haka kada ku ajiye ko akwati ɗaya sai mai gida ya tafi wurin mai unguwa ko dagaci da akwatin a hannunsa. Ya buɗe shi a gaban jama'a ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wani wasa da muke so mu yi da yara domin su san ƙasarsu. Ga abin da ke ciki, littafi ne da hatimi. Muna neman izini mu ajiye a wuri kaza da wuri kaza." A gaya wa mai gonar da ke kusa. A gaya wa ardo, gama yaran da ke kiwo su ne za su fara ganin akwatin. Abin da ya fi kyau ma shi ne a gayyaci 'ya'yan maƙwabta su shiga wasan tun ranar fari. Yaron da hatiminsa ke cikin littafi ba zai yarda a fasa akwatin ba.

Wurin ajiya ne kaɗai ake ɓoyewa. Wasan kansa ya kamata duk gari su san da shi.

Kayan Da Ake Bukata

Ko wane akwati yana bukatar abu uku. Na fari, roba mai murfi da ke rufuwa sosai, irin wadda ake ganin abin da ke ciki daga waje. Na biyu, ƙaramin littafin rubutu da fensir. Ana iya yanka littafin makaranta gida biyu ya ishi akwati biyu. Na uku, hatimin akwatin. A nannaɗe littafin cikin leda biyu. A rubuta a bisa murfin da boko da ajami: "Wannan wasan yara ne. Babu kuɗi a ciki. Buɗe ka gani, sa'an nan ka mayar."

Kada a sa kuɗi, kada a sa abinci. Kuɗi yana jawo ɓarawo, alewa da gyaɗa kuwa suna jawo tururuwa da ɓeraye.

Ko wane mai nema kuma yana bukatar littafinsa na tara hatimi, da hatimin kansa ko na gidansu, da soson tawada. Ana sayar da soson tawada a kantin littattafai. In babu, a yanki ɗan guntun soson katifa, a sa a murfin gwangwani, a ɗiga masa tawada kaɗan.

Yadda Ake Sassaƙa Hatimi

Hatimi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sarakuna sun daɗe suna buga shi a wasiƙunsu, ofisoshi da makarantu kuma ba su aiki sai da shi. Na wasa ba sai an kai wa masassaƙi ba. Robar share rubutu, wadda yara ke kira kilina, ta isa. Ƙasan tsohon silifa mai santsi shi ma yana yi.

1. Zana hoton a takarda da fensir mai baƙi sosai. Ya zama mai sauƙi, kamar ƙaho, ko kifi, ko zabo, ko ganyen kalgo mai baki biyu kamar kofaton raƙumi.

2. Kifa takardar a kan robar, ka goga bayanta da farce. Zanen zai koma kan robar a juye. Haka ake so, gama abin da ke juye a hatimi shi ne yake fitowa daidai a takarda. Wanda ya rubuta suna kai tsaye a kan roba zai ga ya fito baibai.

3. Da reza ko ƙaramar wuƙa mai kaifi, yanke duk wurin da babu zane, ka bar layukan a tsaye. Wannan aikin babba ne. Yara su zana, Baba ko Mama su yanka.

4. Danna a soson tawada ka gwada a takarda. Inda tawada ta fito ba a so, a ƙara yankewa.

Hatimin akwati ya nuna wani abu na wurin da aka ajiye shi, misali hoton giginya in akwai giginya kusa. Masu wasa a Ingila sukan zaɓi laƙabi su sa a hatimin kansu a maimakon suna. Ku ma ku yi haka. Kada a rubuta cikakken sunan yaro ko lambar waya a littafin da ke kwana a jeji.

Wurin Ajiya

Ba a haƙa rami a binne akwati. Binnewa tana ɓata ƙasa, a wurinmu kuma ita ce ta fi jawo zato. Ana sa shi a tsakanin duwatsu ko a bayan dutse, a rufe da falalen dutse, yadda mai wucewa ba zai gani ba amma mai nema zai ɗauka ba tare da ya tona kome ba.

Akwatunan fari su zama kusa da gari, inda har yanzu kuna jin ƙarar dakan mata. Ku guji waɗannan wurare:

Suri da kogon itace mai zurfi, gama gidajen macizai ne.

Gona mai amfani a ciki, da burtali, inda kofato zai farfasa robar.

Fadama da bakin gulbi. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta isa ta tuna mana iyakar inda ruwa ke kaiwa.

Bakin rijiya, da gada, da turken layin waya, da kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro.

Maƙabarta da wuraren ibada na kowa da kowa, da wuraren tarihi. Dokar masu wasa a Dartmoor ta hana ajiya a kufai da kaburburan mutanen da. Haka mu ma, wuri kamar Hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ko tsohuwar ganuwar Surame inda Kanta ya yi mulki, ana zuwa a gani a girmama, ba a cusa kome a cikinsu, ba a kuma gusar da dutse ko ɗaya.

Maƙiyan akwati a ƙasarmu su ne gara da gobarar daji da awaki. Gara tana cin takarda, don haka a ɗora robar a kan dutse, kada ta taɓa ƙasa. Wuta tana narkar da roba, don haka a zaɓi wurin da ba busasshiyar ciyawa. Dutsen rufi kuwa ya yi nauyin da akuya ba za ta ture ba.

Rubuta Kwatance

Kwatance shi ne gishirin wasan. Mu da muka tashi da kacici-kacici ba za mu sha wuya a nan ba. Ga misali:

"Fara daga tsamiyar da ke bakin hanyar kasuwa. Da safe, juya wa rana baya. Yi taki 60 har ka kai ga itacen da ke tuɓe rigarsa da damina, ya sa ta da rani. Juya hannun dama ka yi taki 25. Za ka ga duwatsu uku kamar murhu. Ajiya tana bayan babbansu."

Yaron da zai bi wannan dole ya san cewa wanda ya ba rana baya da safe yamma yake fuskanta, hannun damansa kuwa arewa ne. Dole kuma ya san gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. In bai sani ba zai tambayi babba, abin da ake so ke nan.

Ku yi kwatance da abin da ba ya gusawa. Tarin kara, da bukkar gona, da turken shanu, duk suna iya ɓacewa kafin wata ya ƙare. Ku tuna kuma taki ba ɗaya ba ne. Inda Baba ya yi 60, ƙaramin yaro zai yi 80 ko fiye. A auna yadi 10 da igiya a ƙofar gida, kowa ya ƙidaya takinsa a kai ya riƙe. Mai rubuta kwatance kuma ya faɗi ko takin babba ne ko na yaro.

Manyan yara za su iya amfani da kamfas, yadda ake yi a Dartmoor. An raba da'irarsa gida 360. Arewa ita ce 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Wayoyin hannu da yawa suna da kamfas a ciki. Amma a fara da rana da inuwa tukuna, gama su ba sa bukatar caji.

Kafin ku rubuta kwatance, ku aiki yara wurin tsofaffi. "Kaka, me ya sa ake kiran wancan kwari da wannan suna? Wa ya haƙa tsohuwar rijiyar can?" Abin da Kaka ta faɗa a rubuta shi a shafin fari na littafin akwatin da ke kusa da wurin. Ta haka ko wane mai nema zai koma gida da hatimi da labari.

In an gama rubutu, a ba wanda bai san wurin ba ya gwada. In ya ɓata, kwatancen ne ke bukatar gyara.

Ranar Fita

Lokaci mafi kyau shi ne bayan an kau da amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Maris da Afrilu zafi a ƙasar Kebbi yakan wuce digiri 40, fita da yara da rana tsaka kuwa haɗari ne. Da damina gonaki sun cika, ciyawa ta rufe kome, zabin daji da makwarwa kuma suna ƙwai a ƙasa. Mutanen Dartmoor ma suna takatsantsan daga Maris zuwa Yuli saboda tsuntsayensu masu sheƙa a ƙasa.

A fita da safe, a dawo kafin rana ta yi zafi. Kada yara su tafi su kaɗai, ko kusa ne. A gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Kowa ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya riƙe sanda da gorar ruwa. In akwai labarin rashin tsaro a yankinku, ko jita-jita ce, ku zauna gida. Ana iya yin wasan a cikin unguwa, ko a filin makaranta da izinin hedimasta, daɗinsa kuwa ba zai ragu sosai ba.

Kada kowa ya sa hannu inda idonsa bai gani ba. Kububuwa da kunama suna son ƙarƙashin dutse. A bubbuga wurin da sanda, a ɗaga dutsen da sanda, bakinsa yana duban nesa da mutum, sa'an nan babba ya ɗauko akwatin. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a bar gaɓar ba motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

Ku yi sallama da duk wanda kuka tarar a hanya. In makiyayi ya tambayi abin da kuke nema, ku nuna masa littafinku. Kada a ratsa garke, kada a taka rogo ko lambun wani, kada a tsinki abin da ba naku ba.

Riƙon Amana

In kun sami akwati, ku gusa kaɗan daga wurin ku zauna. Ku buga hatiminsa a littattafanku, ku rubuta kwanan wata. Ku buga naku a littafinsa, ku ƙara 'yar gaisuwa. Ku karanta abin da na gaba suka rubuta. Sa'an nan ku mayar da kome cikin leda, ku rufe murfi sosai, ku sa akwatin daidai inda yake, ku rufe shi kamar yadda kuka tarar ko fiye. Kada ku gaya wa wanda bai samu ba tukuna inda yake, gama kun ƙwace masa daɗin nema. In kun ga ruwa ya shiga ko littafi ya cika, ku sanar da mai akwatin.

A nan ne iyaye za su sa ido. Wata rana yaro zai buɗe akwati ya ga hatimin da ya fi nasa kyau, ko fensir sabo, ga shi kuwa mai abin ba ya nan. Abin da zai yi a wannan lokaci shi ne babban darasin wasan. Yaron da ya saba mayar da hatimin roba inda ya same shi, ba wanda ya tilasta shi, yana koyon abin da zai bukata ranar da za a danƙa masa kuɗin ƙungiya ko makullin shagon wani. Hausawa sun ce wanda ya ci amana, amana za ta ci shi. Ya fi kyau yaro ya gane wannan a kan kilina tun yana ƙarami.

Mai akwati shi ma yana da tasa amana. Ya riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a wata. In damina ta kusa, ya kwaso akwatunansa gida, ya gaya wa masu wasa an rufe sai kaka. Kada ya bar fasasshiyar roba ko leda a jeji, gama dabba tana iya haɗiye leda ta mutu.

Wani akwati kuwa zai ɓace. Yana faruwa a Ingila, zai faru a nan. Kada ku kai ƙara, kada ku zargi 'ya'yan kowa. Ku sassaƙa sabon hatimi, ku sake wuri. In kun ji labarin yaron da ya ɗauka, ku ba shi kilina da fensir ya yi nasa hatimi, ku sa shi ya zaɓi inda za a ajiye akwati na gaba.

A Fara Da Kaɗan

Mutanen Dartmoor sun yi shekara 122 kafin a buga taswirar akwati 15. Saboda haka kada ku yi gaggawa. Gida biyu sun isa a fara. Ko wane gida ya shirya akwati 3, a yi musayar kwatance ranar Asabar, a fita nema Asabar ta gaba. In gidaje sun ƙaru, ku kafa taku ƙungiya, ku ce wanda ya tara hatimi 10 ya zama cikakken ɗan ƙungiya. A ƙarshen hunturu ku taru a inuwa, kowa ya kawo littafinsa a duba, a ji wane kwatance ne ya fi ba mutane wahala.

Aikin wannan mako kaɗan ne. Mama ta wanke roba mai murfi. Yara su zana hoton hatimi, su je su tambayi Kaka sunayen wurare. Baba kuwa ya ɗauki akwatin ya tafi ya gai da mai unguwa. Gidan da ya fara, ya buga hatiminsa a takarda ya aiko wa Edita tare da kwatancen da yara suka fi so, domin sauran iyalai su gani su yi koyi.